Takarda a Ƙasan Buhun Garin Kwaki

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin Umma ta kira sunana ba. "Ke" take ce mini, in kuma tana maganata da wani sai ta ce "yarinyar nan". Kunyar ɗan fari ce, haka kowace uwa take yi a wajenmu, ba wanda yake ɗaukar abin a matsayin ƙiyayya. Ni ma bai taɓa damuna ba, sai bayan abin da ya faru a bakin kanal.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure. Babban kanal ya bi ta bayan gari, an daɓe gefensa da siminti, daga jikinsa ƙananan magudanai suke rabuwa su shiga gonakin shinkafa da alkama da tumatir. A nan muke wanki, a nan maza suke wanke babura. Babanmu malamin Islamiyya ne, da rani kuma yana noman tumatir da albasa. Umma ma 'yar gidan malamai ce, ita take koyar da matan aure karatu a tsakar gidanmu bayan azahar. Ba ta yi boko ba, amma rubutunta na ajami ya fi na Baba kyau. Mu huɗu ta haifa: ni, da maza biyu, sai autarmu, mace, wadda a lokacin take da shekara huɗu. Ni ina da sha uku, ina aji biyu a makarantar kwana ta 'yammata. Farkon shekarun dubu biyu ne, wayar hannu ba ta iso ƙauyenmu ba tukuna.

Ranar Alhamis ce, muna hutu, kamar sati biyu bayan ƙaramar salla. Umma ta tashi da ciwon kai, ta ɗaure goshinta da ɗankwali tana kwance a kan tabarma. Autar kuwa tun safe take rigima, ta hau jikinta, ta sauka, ta ja mata zani. Na haɗa kayan wanki a kwano zan fita, sai Umma ta ce, ba tare da ta buɗe ido ba:

"Ke, ɗauke min ita ku tafi. Ku ɓace min da gani, kaina zai tsage."

Autar ta sa kuka, ta ce ita a wajen Umma za ta zauna. Na ja hannunta muka fita.

Ranar an saki ruwa, kanal ya cika har matakala ta uku. Wanda bai san ruwan kanal ba zai ce a tsaye yake, don samansa sumul yake, ba ya kumfa, ba ya ƙara. Sai ka jefa kara ka ga yadda zai wuce da shi. Na fara wanki ke nan sai na ji hon ɗin babur daga wajen gada. Ƙawata, wadda take wanki kusa da ni, ta miƙe tana share hannu a zani.

"Mai hoto ne! Ya kawo hotunan salla. Zo mu je kafin a cika wurin."

Ban taɓa ɗaukar hoto ni kaɗai ba sai a sallar nan. Na miƙe, autar ta riƙe mini zani ta ce za ta bi ni. Na ɓamɓare hannunta, na dungure mata kai, na zaunar da ita a matakala ta sama, na ba ta guntun raken da nake sha.

"In kika motsa daga nan sai na zane ki," na ce.

Maganar da na yi mata ta ƙarshe ke nan.

Ban san iya lokacin da na ɗauka a gindin mangwaron da mai hoton ya tsaya ba. Na dai san na karɓi nawa, na kalla, na kalli na wasu, mun yi dariyar wata da ta rufe ido. Da na dawo, raken yana kan matakala. Silifas ɗinta ƙafa ɗaya yana matakala ta biyu. Ƙaramin kwanon da nake ɗiban ruwa da shi babu shi, ita ma babu ita.

Sai bayan la'asar maza suka same ta, can ƙasa, a ƙofar ruwa inda ciyawa take taruwa.

Da aka dawo daga maƙabarta Baba ya kira ni zaure, ya tambaye ni a hankali yadda abin ya faru. Na ce ina shanya ne, na juya baya, kafin na waiwayo ban gan ta ba. Ya ce, "Allah ne ya ba mu, shi ya karɓi abarsa. Tashi ki shiga ciki." Na tashi da ƙaryata a baki, hoton kuma yana soke a ƙuguna, cikin zani. Washegari na neme shi don in ƙona, ban gan shi ba. Na ɗauka a guje-gujen neman da muka yi ya faɗi.

Daga ranar Umma ta daina kallona. Da can ko ba ta kira sunana ba, tana aikena, tana yi mini faɗa, tana cewa in zo in tsefe mata kai. Yanzu in na shigo ɗaki sai ta fita, in na fito tsakar gida sai ta tuna wani aiki a madafa. Abincina a bakin ƙofa nake tarar da shi a rufe. Ta dakatar da karatun matan aure. Sunan autar kuwa ba wanda ya ƙara ambatonsa a gidan, kamar an yi doka.

Tsoro ya zama abokin zamana. In na ji hon ɗin babur sai in ce mai hoto ne ya zo ya faɗi gaskiya. In na ga uwar ƙawata ta shigo gidanmu sai in laɓe bayan rumbu ina sauraron abin da za ta ce. In Baba yana karantar da yara ya zo kan azabar maƙaryata, sai in ga kamar da ni yake. Amma wanda ya fi duka shi ne tsoron bakin uwa. Mun taso muna jin cewa wanda uwarsa ta ce masa Allah ya isa, ya gama yawo. Kullum ina jiran ranar da Umma za ta buɗe baki ta faɗe ta. Shirun nan nata, a ganina, tara maganar take yi.

Da hutu ya ƙare na je yi mata sallama. Tana tankaɗe, kanta a sunkuye. Na durƙusa na ce, "Umma, zan tafi." Ta ce, "Allah ya tsare," ba ta ɗago ba.

A makaranta ma ban tsira ba. Ba na iya leƙa bokiti in ya cika da ruwa, sai in kau da kai in ɗiba da kofi. In an kunna famfo ana tara ruwa, ƙarar nan sai ta sa in bar wurin. Karatu ya gagare ni. Wata malamarmu ta tsayar da ni ta tambaye ni ko ana cin zalina ne a ɗakin kwana, na ce a'a.

Baba ne yake zuwar mini ziyara, sau ɗaya a wata, ranar Lahadi. Yakan kawo garin kwaki a ƙaramin buhu, da ƙuli-ƙuli, da yaji a gwangwanin madara. Ziyara ta farko na ce, "Ina Umma?" Ya ce tana lafiya. Ta biyu ma haka. Bai ce tana gaishe ni ba, Baba kuwa ba ya ƙari a kan saƙon da aka ba shi. A ta uku, har ya miƙe zai tafi, sai ya juyo.

"Ummanki ta ce ki duba ƙasan buhun kafin ki ɗibar wa kowa."

Na shiga ɗaki na zura hannu cikin garin har gwiwar hannu. Na taɓo leda. Takarda ce a ciki, irin ta littafin rubutu, an ninke ta ƙanana an ɗaure da zare baƙi. Ta bayan takardar ina iya ganin inuwar tawada.

Ban buɗe ba. Na riga na yanke wa kaina abin da ke ciki: an gaya wa Umma gaskiya, ta kasa faɗa da baki saboda kunya, shi ne ta rubuto. Muddin ban karanta ba, a tunanina na yarinya, bakin bai kama ni ba tukuna. Na cusa ta ƙarƙashin kaya a akwatina na sa kwaɗo. Kwana tara tana nan. In zan ɗauki kaya sai in buɗe akwatin kaɗan, in zaro abin da nake so da sauri kamar akwai kunama a ciki. Garin ma ban iya sha ba, na rabar. A kwana na shida zazzaɓi ya kwantar da ni, aka ba ni magani, ya sauka, ya dawo.

Ranar Talata, da aka fita hutun ƙarfe tara, na ga in dai mutuwa ce gara ta zo gaba ɗaya. Na ɗauko takardar na zaga bayan ajinmu, gindin wata darbejiya, na tsinke zaren da haƙori. Har yau ina da ita, saboda haka abin da zan kawo ba daga ka ba ne.

"Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Daga mahaifiyarki zuwa gare ki, 'yata. Bayan gaisuwa, ina so in gaya miki abin da bakina ya kasa. Na san kina ganin ba na kallonki. Gaskiya ne. Ba don na tsane ki ba ne, tsoronki nake ji. Ke kaɗai ce kika ji abin da na ce ranar nan. Yarinya tana kuka tana son ta zauna a wajena, na ce ku ɓace min da gani. Allah ya karɓi maganata a kanta. Babanku bai sani ba, ba wanda ya sani sai ke. Duk sanda na ga fuskarki sai in ji muryata tana faɗa. Ina tsoron ranar da za ki ce, Umma, ke kika kore ta. In kina riƙe da ni a ranki, ki rubuto ki gaya mini, zan iya ɗauka a takarda. Ki ci abinci, babanku ya ce kin rame. Wassalam."

Na karanta sau uku, don ajamina ba shi da ƙarfi, ina tsammanin ko na juya wata kalma ne. Kalmar nan "'yata" na tsaya a kanta ina bin ta da yatsa. Na yi kuka har aka kaɗa ƙararrawar komawa aji ban ji ba.

Amma sauƙin bai kai yamma ba. Ina zaune a aji sai abin ya faɗo mini: Umma tana neman afuwata ne saboda ta ɗauka ni ba ni da laifi. Ta yarda shanya nake yi. Ta buɗe mini cikinta, ni kuwa ina zaune a kan ƙarya. In na yi shiru, za ta ci gaba da ɗaukar kayan ita kaɗai, har da nawa. In na faɗa, to wannan "'yata" da na samu yau, ita ce ta farko kuma ta ƙarshe.

Sati uku ina rubutawa ina yagawa. Wata na yi ta da tsawo, na cika ta da ayoyi da ban haƙuri, na zagaye maganar ban taɓa ta ba. Wata na rubuta cewa na ɗan matsa ne kaɗan. Na yaga su duka. Wadda na aika gajeriya ce, da bairo, harufana a karkace:

"Umma, ban taɓa riƙe ki ba ko sau ɗaya, ban ma tuna kin faɗi haka ba sai da na karanta. Ni ce mai laifi. Ba shanya nake yi ba. Na bar ta a matakala na tafi wajen mai hoto. Ta riƙe ni, na dungure mata kai, na ce zan zane ta. Na yi wa Baba ƙarya. Umma, don Allah kada ki yi mini baki. In ba za ki iya yafe mini ba, ki yi shiru kawai, zan gane."

Da Baba ya zo na sa ta a cikin gwangwanin yajin da ya ƙare, na danne murfin, na ce a kai wa Umma ta sake cika mini. Ya karɓa ya jefa a aljihun babbar rigarsa. Ina kallon bayansa har ya fita ƙofar makaranta, sau biyu ina ɗaga ƙafa zan bi shi in ce ya dawo mini da shi.

Watan da ya biyo baya ban san yadda zan kwatanta shi ba. Duk sanda aka leƙo aji aka ce ana kiran wance a ofis, sai in ji kamar sunana za a faɗa, a ce an zo daga gida a tafi da ni. Na yi ta ƙirga inda takardar take: yau ta buɗe, yau ta gaya wa Baba, yau an kira kawunnaina.

Ranar ziyara na yi wanka tun da sassafe na je na tsaya kusa da ƙofa. Baba bai taɓa wuce ƙarfe goma ba. Goma ta yi, sha biyu ta yi. Iyaye suna ta shigowa, ana shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyoyi, ana buɗe kuloli. Aka yi azahar. Wata 'yar ɗakinmu ta ce in zo mu ci abincin da aka kawo mata, na ce na ƙoshi. Ni na rubuta da hannuna cewa in ba za ta yafe ba ta yi shiru. To ga shirun ya zo, har da na Baba. Na zauna a kan wani dutse.

Ana kiran la'asar na hango shi, buhu a kafaɗa, rigarsa duk baƙin mai. Na tsaya ina karantar fuskarsa kafin ya iso.

"Motar ce ta mutu mana a Garun Malam," ya ce. "Tun hantsi muke turi. Ke lafiya kike? Kin ganki kuwa?"

"Lafiya lau, Baba."

Ya ajiye buhun, ya laluba aljihu ya ciro gwangwanin. "Ga yajinki. Ta ce wannan a hannu zan ba ki." Ya ɗan dube ni, ya ƙara da cewa, "Ni dai ɗan aike ne, ban san me kuke ƙullawa ba. Amma ta koma koyar da matan nan tun sati biyu da suka wuce."

Wannan karon ban jira ba. Yana juya baya na buɗe murfin a tsaye a wurin. Takardar tana saman yajin a cikin leda, ta ɗauki ƙamshin citta.

"'Yata, na karanta. Abin da kika faɗa na san shi tun washegarin ranar. Da na ɗauki zaninki zan wanke, hoton ya faɗo. Yana wajena. Ban gaya wa kowa ba, ban kuma ga laifinki ba. Shekararki sha uku, an kira ki ki ga hotonki kin tafi. Ni da na haife ta, ciwon kai kawai ya sa na kore ta. Da na san wannan ne yake cinki da tuni na yi magana. Ashe ina can ina tsoronki, kina nan kina tsorona. Baki kuma da kike faɗa, wace uwa ce za ta rasa ɗaya ta ƙara jefar da ɗaya da bakinta? Na yafe miki duniya da lahira. Ke ma ki rubuto mini kalmar, ki ce kin yafe mini, ina so in gan ta da idona. Maganar babanku, ki bari sai ranar da kika ji za ki iya, ba zan riga ki ba. Kwananta ne ya ƙare, ni da ke sababi muka zama, kuma Allah ya fi mu tausayinta. Allah ya yi miki albarka."

Na rubuta mata kalmar a ranar. Daga nan gwangwanin nan bai ƙara tafiya ko dawowa ba takarda ba, har na gama makaranta. Ba kullum muke maganar autar ba. Wani lokaci labarin tsutsar da ta shiga tumatir ne, ko wata ɗalibarta da ta kasa rarrabe harufa biyu. Wani lokaci kuma sai ta rubuto cewa ta ga wata yarinya a gidan suna mai irin tafiyarta, ta kasa cin abinci. Ni ma in rubuta mata cewa har yanzu ba na iya kallon bokiti. Ta ce in riƙa karanta Ƙulhuwallahu ina ɗiba, in kuma bai bari ba kada in matsa wa kaina. Bai bari gaba ɗaya ba, amma ya ragu.

Duk da haka, da hutun zangon ya zo tsoro ya dawo mini. Takarda daban, ido da ido daban. Da motarmu ta hau gadar kanal na runtse ido har muka sauka. Na yi sallama a tsakar gida. Umma tana zaune gaban tabarma, kwandon tumatir a gefenta, tana yankawa tana jerawa don shanya. Ta ɗago ta dube ni sosai, daga sama har ƙasa.

"Ke, kin dawo? Ajiye jakar ki ɗauko wuƙa, kin ga rana tana tafiya."

Na ɗauko wuƙa na zauna kusa da ita. Ba ta ce komai game da takardun ba, ni ma ban ce ba, kuma har yau ba mu taɓa maganarsu da baki ba. Mun yi nisa da yanka sai ta ɗaga wani tumatir da aka gatsa gefensa, wataƙila ɓera ne. Ta juya shi a hannu, sai kawai ta ambaci sunan autar.

"Kin tuna yadda take yi mana? Ta bi kwando ta gatsi wannan ta ajiye, ta gatsi wancan, wai tana neman mai sukari."

Na ce, "Har ta ce akuya ce, alhali ga 'ya'yan tumatir a kumatunta."

Umma ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ta sa bayan hannu tana share ido saboda yatsunta duk ruwan tumatir ne. Ni ma haka. Ba mu daina yankan ba.

Ashe Baba ya shigo daga gona yana tsaye a ƙofar zaure, fartanya a kafaɗa. Kusan wata bakwai ke nan bai ji an faɗi sunan nan a gidansa ba. Ya jingine fartanyar, ya jawo turmi ya kifa ya zauna.

"Ai ni ta taɓa zuba mini ƙasa a tawada," ya ce. "Wai kunu take dama mini."